Wata huɗu da ƙwayar kariyar maleriya a aljihun rigar tashi

Kujerata a jirgin dakon kaya na soja tana tsakanin matuƙa biyu, ɗan baya kaɗan. Ni ne injiniyan jirgi: inji huɗu, da mai, da lantarki, da matsin iskar cikin jirgi, duk idona ne a kansu daga tashi har sauka. Shekarata goma sha uku a wannan kujera, kuma sau da dama an tura mu aiki wuraren da sauro ba ya wasa. Magungunan kariyar zazzaɓin cizon sauro iri biyu na sha da bakina. A tafiye-tafiyen farko doksisaikilin ne, wanda muke ce wa doksi. A tafiyar ƙarshe, wadda ta ɗauke mu wata huɗu, an sauya mana zuwa haɗin nan da ake rubuta atovaquone da proguanil a jikin kwalinsa, wanda mutane suka fi sani da Malarone, sunan da ya fara shiga kasuwa da shi. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2000. Namu na wani kamfani ne daban, amma haɗin ɗaya ne: miligiram 250 na atobakon da miligiram 100 na furoguwanil a ƙwaya guda. Tun da na dawo abokan aiki suke tambayata yadda na same shi, kuma amsar ta fi ƙarfin a faɗe ta a tsaye a bakin ƙofar ofis.

Abin da likitan sojan sama yake nema a magani ya bambanta da abin da likitan sojan ƙasa yake nema. Sojan da ke gadi, idan jiri ya ɗebe shi, zai jingina da bango har ya wuce. Wanda ke cikin gajimare da dare, ba ya ganin ƙasa ba ya ganin sama, babu abin da ya rage masa sai na'urorin gabansa da nutsuwar kansa. Ko lafiyarka ƙalau, kunnen ciki, wanda shi ne ma'aunin daidaiton jiki, yakan yi maka ƙarya a sama: ka ji kamar jirgi ya karkata alhali yana tafiya sak. Shi ya sa ake horar da mu mu gaskata na'ura mu ƙaryata jiki. To ina ga an ƙara da maganin da shi kansa yake taɓa wannan ma'auni? Dalilin da ya sa ke nan meflokwin, wanda aka fi sani da Lariam, ba ya shiga bakin masu tashi. Cibiyar binciken soja ta Walter Reed ce ta samar da shi, aka amince da shi a Amurka a 1989, kuma rundunoni sun karɓe shi hannu bibbiyu da farko saboda sau ɗaya ake sha a mako. A 2013 hukumar magungunan ta sa masa gargaɗi mafi tsanani da take sakawa a jikin magani, kan jiri, da rasa daidaito, da ƙarar kunne, da fargaba, da gane-gane, har ta ce wasu daga cikinsu na iya daɗewa bayan an daina sha. A 2016 kwamitin tsaro na majalisar dokokin Birtaniya ya ce kada a ba sojoji shi sai in babu wani zaɓi. Kulorokwin kuwa, da aka daɗe ana dogaro da shi, ƙwayar cutar falsifarum, nau'in maleriya mafi haɗari, ta daina jin sa a yawancin wurare, kuma wannan bijirewa ta iso Afirka tun ƙarshen shekarun 1970. A aikace dai zaɓinmu ya koma biyu, kuma dukkansu kullum ake sha.

Ranar da na je karɓa, likitan jirgi bai miƙo min kwali ya sallame ni ba. Ya fara duba sakamakon gwajin ƙodata, domin ba a ba wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai wannan magani don kariya. Ya tambayi ko akwai wani magani da nake sha. Sannan ya ɓallo ƙwaya ɗaya, 'yar kewayayya mai launin ruwan hoda, ya sa aka kawo min madara, ya ce in haɗiye a gabansa.

"Yau da gobe babu tashi," in ji shi. "Duk abin da ka ji, komai ƙanƙantarsa, ka dawo ka gaya min."

Na ce, "Yallaɓai likita, ai na sha doksi shekara da shekaru ban taɓa faɗuwa ba."

Ya ce, "Wancan daban, wannan daban. Na fi so in san halinsa a jikinka kana ƙasa."

Kwana biyun nan suka zo suka wuce, ban ji komai ba sai ɗan nauyin kai a yammacin farko, wanda ya tafi da kansa. Ya sa hannu a takarda, na koma jerin masu tashi. Duk wanda za a ba sabon magani a aikinmu, ya nemi wannan gwaji na ƙasa ko da ba a yi masa tayi ba.

Abu na farko da na yaba wa maganin shi ne kaina ya zauna daram. Wata huɗu, tashin dare da na rana, ban taɓa jin jiri ko barci ko dishi-dishin ido da zan ɗora masa ba. Barcina bai sauya ba, ga shi kuwa barcin mai tashi da ma a gutsuttsure yake. Ga injiniya wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin aikin nawa karanta allurai ne da lissafin mai a ka, kuma kuskuren lamba ɗaya yana iya sa a sauka inda ba a yi niyya ba.

Na biyu shi ne rana. Wanda bai taɓa shan doksi a filin jirgi ba ba zai gane ba. Kafin kowane tashi ina zagaya jirgi a ƙafa, in duba tayoyi da farfela, in hau kan fiffike in duba murafun tankunan mai. Sama rana, ƙasa kwalta da siminti suna mayar da zafi, fiffiken kuma yana haska maka fuska. Doksi yana sa fata ta kasa jure rana. A wata tafiya bayan hannuwana da ƙeyata suka yi ja suna raɗaɗi kamar an watsa musu ruwan zafi, har safar hannu ta tashi ta zama azaba. Ga kuma maƙogwaro. Wani dare na dawo a gajiye, na haɗiyi ƙwayar da kurɓin ruwa ɗaya na kwanta. Da asuba na farka kamar an ajiye min garwashi a ƙirji, kwana huɗu ko ruwa na haɗiya sai na runtse ido. Laifina ne, domin an faɗa mana a sha shi da cikakken kofin ruwa kuma kada a kwanta nan take. Amma mutumin da ya yi sa'a goma sha huɗu a bakin aiki ba kullum yake tuna ƙa'ida ba. Da atobakon-furoguwanil ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan biyun ba.

Inda ya fi burge ni kuwa shi ne ƙarshen shan, kuma a nan zan daɗe, saboda a nan na taɓa ganin mutum ya kusa salwanta.

Duka biyun ana fara su kwana ɗaya ko biyu kafin a shiga yankin sauro. Bambancin yana bayan fitowa: doksi sai an ci gaba da shi kwana 28, wannan kuwa kwana 7 kacal. Dalilin yana cikin tafiyar ƙwayar cutar a jiki. Idan macen sauro ta ciji mutum, abin da ta zuba masa ba ya tsayawa a jini, hanta yake wucewa ya ɓuya, ya yi kimanin mako guda yana hayayyafa ba tare da mutum ya ji komai ba. Daga nan ne yake fashewa ya shiga jajayen ƙwayoyin jini, zazzaɓi ya fara. Ƙarfin doksi a jini yake, saboda haka dole ya zauna yana jira har duk abin da ke hanta ya gama fitowa. Atobakon da furoguwanil suna bin falsifarum har cikin hantar su kashe ta tun ba ta fito ba. Shi ya sa wutsiyarsa gajera ce.

Ga sojan da aka kai shi wuri ɗaya ya yi wata shida, wannan bambanci ƙarami ne. Ga mu kuwa babba ne, domin aikinmu shiga da fita ne. Sai a tura ka kai kaya, ka kwana ɗaya a can, ka juyo. Kwanan nan guda, da doksi, ya jawo maka shan magani kusan wata ɗaya. Kafin ka gama an sake tura ka, lissafi ya koma farko. Akwai shekarar da na fi wata bakwai ina shan doksi, alhali dararen da na kwana a yankin sauro ba su kai talatin ba. Da wannan sabon, kwana ɗaya a can ƙwaya goma ce ko ƙasa da haka, ka gama ka huta.

Wani yaronmu mai kula da lodi, matashi mai ƙwazo, shi ne ya koya min muhimmancin wannan wutsiya, a lokacin muna kan doksi. Mun dawo daga wani aiki da kusan mako uku, muna wani tashi na yau da kullum a yankin da babu maleriya sam. Matuƙi ya kira shi ta na'urar magana ya tambayi halin kaya, shiru. Ya sake kira, shiru. Na cire bel na sauka baya. Na same shi zaune a kujerar raga, ya ƙudundune cikin bargon da muke rufe kaya da shi, haƙoransa suna haɗuwa har ina jin su duk da ƙarar inji. Bayan jirgin kuwa da ɗumi, ni gumi nake yi. Na taɓa goshinsa, zafi rau. Leɓɓansa sun bushe sun tsattsage, idanunsa a buɗe amma sai da na girgiza kafaɗarsa ya gane ni.

"Oga, sanyi ne kawai," ya ce. "Yanzu zai wuce."

Na ce, "Kana shan maganinka?"

Bai amsa ba. Matuƙi ya nemi izinin sauka a fili mafi kusa. Gwajin jini ya nuna falsifarum, aka sa masa allurar atesunet ta jijiya, wadda ake yi wa mai maleriya mai tsanani, ya kwana biyar a asibiti, ya yi makonni kafin a mayar da shi jerin masu tashi. Ni na kwaso masa jakarsa, kuma a aljihun gefe na ga sauran ƙwayoyin, sama da ashirin, ba a ɓalle su ba. Da ya samu sauƙi ya faɗa min gaskiya: kwana biyar da dawowa ya daina, saboda ƙwannafi ya dame shi, kuma ya ga babu sauro a inda muke, shan me zai ci gaba da yi? Har yau idan na tuna, abin da ke tayar min da hankali shi ne da a kujerar gaba yake, muna gangarowa sauka cikin hadari. Zazzaɓin nan yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, su ne masu ɗaukar iskar oksijin, ga shi a sama iskar cikin jirgi takan yi daidai da ta kan dutse mai tsayin ƙafa 8,000. Jinin da ya ragu da iskar da ta ragu, idan suka haɗu a kan mutum ɗaya, ƙwaƙwalwa ce take fara biya.

Ya kuma kawo hujjar da na sha ji a bakin waɗanda suka taso a ƙasashen sauro: "Oga, ni da na girma da maleriya, me za ta yi min?" Gaskiya ne wanda sauro ke cizo shekara da shekaru jikinsa yakan samu wata 'yar garkuwa, amma ba cikakkiya ba ce, kuma tana raguwa idan mutum ya daɗe ba ya yankin. Ko da ma garkuwar ta hana shi kwanciya asibiti, ba ta hana zazzaɓi da ciwon kai, kuma mai zazzaɓi ba shi da hurumin taɓa jirgi. Cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ta kama mutum miliyan 263 ta kashe 597,000 a 2023 ba abar rainawa ba ce don an saba jin sunanta.

Matsalar yaron nan tsohuwa ce a aikin soja. A yaƙin Bama, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Janar William Slim na Birtaniya ya ga zazzaɓi yana kwashe masa sojoji fiye da harsashi nesa ba kusa ba. Maganin lokacin mefakirin ne, mai mayar da fata rawaya, sojoji suna gudunsa. Sai ya riƙa sa a yi wa rundunoni gwajin ba-zata, duk kwamandan da aka samu ƙasa da kashi 95 cikin 100 na mutanensa suna sha, a sauke shi. Uku kawai ya sauke, sauran suka shiga taitayinsu. Shekara sittin bayan haka, a 2003, an kwashe sojojin ruwan Amurka 44 daga Laberiya da maleriya bayan ɗan gajeren zama. Bincike ya nuna da yawansu ba su sha maganinsu yadda ya kamata ba, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya kwana a gidan sauro. Ni a ganina duk maganin da ya rage kwanakin da ake buƙatar mutum ya yi biyayya shi kaɗai a gida, babu mai duba shi, ya yi rabin aikin kwamanda.

Sai dai yana da nasa aibin, kuma babbansu abinci ne. Atobakon ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo. Idan aka sha shi da abinci mai mai ko madara, abin da jiki ke ɗauka yakan ninka sau biyu zuwa uku a kan wanda aka sha da yunwa. A takarda wannan abu ne mai sauƙi. A aiki kuwa, tashin ƙarfe huɗu na asuba, wurin cin abinci bai buɗe ba, ko kuma kana sama lokacin shan ya yi. Mako biyun farko na sha wahala kafin in samu dabara. Na daina bin agogon wurin da muke, na ɗaure shan da agogon GMT, wanda da ma da shi muke aiki a sama ko'ina muke, na zaɓi sa'ar da ta fi yawan samuna a ƙasa. Ƙwayoyin suna aljihun zif na hannun hagu na rigar tashi, inda biro yake, sannan kullum akwai ƙaramin kwalin madara a jakar kwalkwalina. Sau biyu na sha da cikin wofi don babu yadda zan yi, kuma duka biyun cikina ya murɗa na kusan sa'a guda. Sau ɗaya na manta har sa'a tara ta wuce. Na sha da na tuna, washegari na koma lokacina, ban haɗa biyu ba. Akwai kuma ƙa'idar amai: idan mutum ya yi amai cikin sa'a ɗaya da sha, sai ya sake wata. Wani abokin aikinmu da jirgi ke juya wa ciki idan muna tashi ƙasa-ƙasa da rana dole ya mayar da shansa dare saboda wannan.

A mako na uku wasu 'yan gyambuna suka fito min a cikin leɓe. An san maganin da haka. Ba su hana ni aiki ba, amma makirufon da ke manne da baki yana goga su duk maganar da na yi, sai da suka yi kamar kwana goma suka warke, ba su kuma dawo ba.

Ya fi doksi tsada sosai, kuma wannan ne yake sa a wasu tafiye-tafiye masu tsawo da mutane da yawa a koma wa doksi. Sannan bai gama da kowace irin maleriya ba. Nau'in bibaks da obale suna barin wasu 'ya'yansu a hanta suna barci, su farka bayan watanni, kuma wannan haɗi ba ya kashe masu barcin. Wanda ya yi aiki inda suke da yawa akan ƙara masa firimakwin na kwana 14 bayan dawowa, amma sai an gwada jininsa an tabbatar ba shi da ƙarancin sinadarin G6PD, domin ga mai ƙarancin, maganin yana farfasa jini. Haka ma tafenokwin, wanda aka amince da shi a Amurka a 2018, ana sha mako-mako bayan kwana ukun farko, shi ma sai da wannan gwaji. Ni an yi min gwajin tun shekarun baya, sakamakon yana cikin fayil ɗina, kuma ina ba kowa shawara ya san nasa.

Ƙwayar ba ta hana cizo. Sauron da ke ɗauke da cutar daga faɗuwar rana zuwa asuba yake aiki, daidai lokacin da muke lodi a ƙarƙashin fitilun fili, ƙofar baya a buɗe. Dogon hannu a sauke, man korar sauro a wuya da wuyan hannu, gidan sauro mai magani a masauki, ban bar ko ɗaya ba don ina shan magani. Gargaɗi ɗaya ga masu tashi: man da ke da DEET yana cin roba. Ya taɓa dusashe min gilashin agogo ya bar shatar yatsa a jikin abin sauraron kunne. A wanke tafin hannu kafin a taɓa gilashin kwalkwali ko takunkumin oksijin ko fuskar na'ura. Mai ɗauke da fikaridin ba ya yin wannan ɓarna, shi na koma amfani da shi.

Idan maki zan bayar, huɗu ne cikin biyar, kuma ɗayan da na riƙe na wahalar haɗa shi da abinci ne a aikin da ba shi da lokacin ci. Mu shida ne a jirginmu a wannan tafiya, dukkanmu muka gama kwana bakwai na bayan dawowa, domin matuƙinmu ya sa kowa ya riƙa aiko masa da saƙo kullum idan ya sha, kuma mako guda abu ne da mutum zai iya riƙewa. Babu wanda ya kwanta a cikinmu. Likita ya ba kowa ɗan kati da ke cewa duk zazzaɓin da ya zo cikin shekara guda da dawowa a gaya wa mai dubawa inda muka je, a yi gwajin jini a ranar, kuma idan maleriya ce kada a yi mana magani da irin wanda muka sha don kariya. Nawa yana cikin walat, bayan katin shaida.

A mako na biyar da dawowa na tashi da ciwon kai da ɗumin jiki. Ban jira ba, na cire sunana daga tashin ranar na tafi asibiti. An gwada sau biyu, kwana ɗaya tsakani, babu komai, mura ce. Sunana ya fito a tafiyar watan gobe, ta kwana goma sha biyu, kuma jiya na je na karɓi ƙwaya 21: biyu kafin tafiya, goma sha biyu a can, bakwai bayan dawowa.